Za a sa min wayar haƙora wata mai zuwa, dan Allah waɗanda suka taɓa yi ku faɗa min gaskiya

Ummi_Gwale:
Salamu alaikum jama'a. Haƙorana na sama sun hau kan juna, fiƙar hagu ma ta fito can sama kamar ba a layi take ba, likita ya duba ya ce sai an sa min waya, wato bresis ɗin nan. Shekarata 24. Ya ce in fara yin hoton baki da wankin haƙori tukun, kuma wai ƙila a cire min haƙora kafin a sa. Nan fa hankalina ya tashi, lafiyayyen haƙori za a cire?? Sannan ƙawata tana ta tsorata ni wai ba zan ƙara cin nama ba sai bayan shekara biyu. Me zan tarar in an fara, zafin ya kai yadda ake faɗa?

Sadiq_Zazzau:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, ni na yi kuma har an cire min wayar, kwantar da hankalinki. Ranar sawa babu allura babu komai, kwanciya kawai za ki yi baki a buɗe kamar awa ɗaya zuwa biyu, su goge haƙoran su busar, su manna ƙananan ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da gam suna haska wani shuɗin haske ya ƙame, sai a zura wayar a ɗaure da 'yan robobi, har kala ake tambayarki wacce kike so. Za ki fito kina cewa ashe ba komai. To ki jira dare ya yi. Washegari kuwa ko biredi kika ciza sai kin ji shi har ka, ba wai zafi irin na rogon haƙori ba, tsami ne da nauyi, kuma cikin mako guda yake lafawa. Parasitamol ya ishe ki. Ki tanadi kunu, koko, fura da nono, alala, tuwo mai laushi da miyar kuka, ayaba.
Abin da ya fi damuna ni ƙarfen ne da yake gurzar cikin kumatu har ya yi gyambo, akwai wani kaki da suke bayarwa, ki gutsuri kaɗan ki mulmula ki busar da wajen ki manna a kan ƙarfen da yake sukar ki, in ba su ba ki ba ki tambaya. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri ma yana taimakawa.
Maganar nama kuma ƙawarki ta ƙara gishiri lol. Za ki ci, yankawa kawai za ki dinga yi ƙanana ki tauna da turame. Amma kilishi, rake, gasasshiyar masara, ƙuli-ƙuli, aya, goro, cingam da tauna ƙashin kaza, waɗannan sai haƙuri, ƙarfe ɗaya ya ɓalle aikin ya koma baya kuma wasu wuraren kuɗi za ki biya a mayar.

Anti_Nas:
Ummi ƙanwata, ina aiki a ɓangaren haƙori, bari in miki bayanin cirewar tunda ita ta fi tsorata ki. Ba kowa ake cire wa ba. In muƙamuƙin ya yi wa haƙoran kaɗan to dole a samar musu fili, shi ya sa ake hoton baki gaba ɗaya da na gefen kai, a ɗauki awon haƙoran da wani abu mai kama da ƙullu ko da na'ura, sai likita ya lissafa. In za a cire yawanci waɗanda ke bayan fiƙa ne, sau da yawa guda 4, biyu sama biyu ƙasa, kuma gurbin rufewa yake yi a hankali yayin da wayar take jan sauran, ba za ki zauna da giɓi ba. Ki tambaye shi kai tsaye dalilin cirewa a naki bakin, haƙƙinki ne, in ma ranki bai kwanta ba ki kai hoton wa wani ƙwararren ya duba.
Ni abin da nake so ki sa a ranki ba zafin ba ne, zafi na 'yan kwanaki ne. Doguwar tafiya ce, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wasu har uku, kuma duk bayan mako 4 zuwa 8 sai kin koma an canja waya ko an ƙara ɗaurewa, ki sake jin tsamin na kwana biyu uku. In kin san aure ko bautar ƙasa zai ɗauke ki daga garin ki faɗa tun yanzu a tsara, mun sha ganin waɗanda suka ɓace wata shida da waya a baki su dawo dasashi ya kumbura yana jini.
Sai brush. Abinci maƙalewa yake yi a gefen ƙarafan, in ba a gogewa da kyau ranar da aka cire sai ki ga fararen tabo zagaye da inda ƙarfen ya zauna, farkon ruɓewa ke nan kuma ba ya goguwa da sauƙi. Bayan kowane cin abinci ki goge, man goge baki mai fuloraid, ki nemi ɗan siririn brush ɗin nan da yake shiga ƙarƙashin waya, ki rage lemon kwalba da alewa. In kin ji haƙoran suna ɗan girgiɗa kar ki firgita, ƙashin da ke riƙe da su ne yake narkewa ta gefe ɗaya yana ginuwa ta ɗayan, da haka haƙori yake matsawa. Shekarunki kuma ba matsala, an fi yi wa yara 'yan 11 zuwa 14 amma manya ma yana yi musu, sai dai ya ɗan fi jinkiri.

Maman_Khalifa:
Ni dai gargaɗi ɗaya, kar wanda ya je wajen masu sa waya ta gayu a shago ko masu tallarta a Instagram, in babu hoto babu awo to haƙori zai tafi inda ba a aike shi ba. Kuma ki tambayi kuɗin gaba ɗaya tun farko, har da na ritena, a rubuta, a gaya miki ko ana biya kaɗan-kaɗan. Mu da muka yi wa ɗana sai a ƙarshe muka ji ashe nata kuɗin daban ne.

Ummi_Gwale:
Na gode sosai wlh, Allah ya saka. Anti mece ce kuma ritena, ashe bayan an cire ma da sauran aiki?

Anti_Nas:
Da saura kam. Haƙori yana son komawa mazauninsa na da, to ita ce take riƙe shi. Akwai ta roba mai garai-garai da ake sawa a cire, akwai siririyar waya da ake mannawa ta bayan haƙoran gaba ba a ganinta. Da farko kusan kullum za ki sa yadda likitanki ya tsara, daga baya sai da daddare kawai, amma fa na daren nan ba shi da ranar dainawa in kina son su zauna a jere. Kuma in kin cire za ki ci abinci ki saka ta a akwatinta, kar ki naɗe a tishu, a haka mutane suka fi zubar da ita a shara, sabuwa kuma sai an sake awo an sake biya.