Cakwakiya: ina kanta, ina gindinta?

Ɗan Fagge:
Salama gare ku mazauna zauren nan,
Da tambaya na zo a safiyar nan,
Kalmar da ta cika bakin yaran nan,
Komai ya motsa sai su ce cakwakiya.

Faɗa ake nufi ko dai surutu?
Ko taron da ya hana unguwa hutu?
Ku warware mini, ku masu karatu,
In san inda zan ajiye ta da gaskiya.

Inna 'Yar Zazzau:
Ɗana, hayaniya a kunne take tsayawa,
Rigima da masu ita, ana iya rabawa,
Cakwakiya zare ne da ya sha cukurkuɗewa,
Ka ja nan, can ya ɗaure, ba kai ba wutsiya.

Je ka gidan biki daren kai amarya,
Mota uku, mata sun cika farfajiya,
Gwaggo ta ce ita ce gaba, yaya ta ce ƙarya,
Direba ya kashe mota, to ga cakwakiya.

Mai POS na Sabon Gari:
Inna, ta biki ai ƙarama ce, ga babba:

Oktoban 2022 aka yi shela,
Dubu, ɗari biyar, ɗari biyu za su sake kala,
Tsoho ya koma banki, sabo sai wahala,
Kuɗinka na asusu, tukunyarka ba miya.

Wa'adin 31 ga Janairu aka ɗaga,
Zuwa 10 ga Fabrairu, layi bai raga,
Buhari ya ce tsohuwar ɗari biyu kaɗai za ta shiga,
Kotun Ƙoli a Maris ta maido su gaba ɗaya.

Mai shayi ya koma karɓar taransifa,
Alat ya ƙi shigowa, ga layi ga masifa,
Mutanen bakin iyaka suka koma sefa,
Da naira ake sayen naira a Najeriya!

Malam na Katsina:
Yaro, dakata, nan kam ban bi ka ba,
Kalmar raha ce, ba za ta ɗauki wannan ba,
Mara lafiya na kwance, ba a sayo magani ba,
Wannan ƙunci ne, babu wurin dariya.

Mai POS na Sabon Gari:
Baba, a layin nan muka kwana cikin sanyi,
Da ita muke rage wa zuciya nauyi,
Mai faɗinta ya san zafin abin da aka yi,
Gara ta fito da a kai ga hatsaniya.

Malam na Katsina:
Kai da ka kwana a layi, faɗe ta, ka isa,
Amma wanda ya sa hannu daga can bisa,
Kada in ji ya kira ta da sunan wasa,
Bayani muke jira a bakinsa, ba raha ko ɗaya.