Ƙaimi da linzami: neman sunan jijiyoyin da gubar dalma ke rikita wa aiki a zuciya

Mai fassarar shirin lafiya:
Assalamu alaikum, malamai. Akwai binciken da masana na Jami'ar Lisbon ta ƙasar Fotugal suka wallafa a 2016. Sun daɗe suna shayar da ɓeraye ruwa mai dalma, sai suka ga jininsu ya hau, numfashinsu ya ƙara sauri, tsarin da ke daidaita bugun zuciya kuma ya raunana. Ana son kai wannan bayani ga masu sauraro, musamman na Zamfara da Neja. Kalmomin Turancin da suka tsaya mana a wuya su ne autonomic, da rassansa biyu sympathetic da parasympathetic, sai wani awon bugun zuciya, heart rate variability, da ake taƙaitawa da HRV. Ga autonomic, wani ya kawo "jijiyoyin sa-kai". Me kuka gani?

Malamin ilimin aikin jiki:
Wa alaikumus salam. Malama, a cire "sa-kai" tun yanzu. Wanda ya sa kai da niyyarsa ya yi, waɗannan jijiyoyi kuwa aikinsu shi ne wanda ba ya jiran niyya: bugun zuciya, tsukewar hanyoyin jini, gumi, motsin hanji, buɗewar ƙwayar ido. Sunan zai faɗi kishiyar abin da ake nufi.

Kafin nan ma akwai matsalar kalmar jijiya kanta. Bahaushe da ita yake kiran hanyar jini, da ita yake kiran agara, da ita kuma yake kiran zaren da ke ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa. A maganar zuciya da hawan jini, duk wanda ya ji "jijiya" hanyar jini zai kawo a ransa. Dole a ce "jijiyoyin saƙo" duk inda aka fara ambatonsu. "Masu cin gashin kansu" ma ban yarda da shi ba, domin ba su ɓalle daga ƙwaƙwalwa ba. Cibiyarsu tana gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Ina ganin "jijiyoyin saƙo masu sarrafa kansu" ya fi, tunda kunnen mutane ya saba da "mai sarrafa kansa" a maganar injuna.

Likitan zuciya:
Na bi bayan Malam a kan wannan. Game da rassan biyu, kada a bi ma'anar kalmar Turancin a ce "masu tausayi", na taɓa ganin an rubuta haka kuma ba ya nufin komai. A dubi aikin. A saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan curin tsoka da ke kunna kowane bugu. Idan aka bar shi shi kaɗai, kusan sau 100 yake bugawa a minti. Amma lafiyayyen babba da ke zaune yakan yi 60 zuwa 80, saboda wata doguwar jijiyar saƙo ta reshen parasympathetic mai suna bagus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta wuya, tana riƙe da shi kullum. Hujja a fili: a yi wa mutum allurar atirofin, wadda ke toshe saƙon bagus, nan take bugun ya haura. Wanda aka yi wa dashen zuciya ma, da yake an yanke jijiyoyin, bugunsa na hutu yakan zauna wajen 90 zuwa 110. Ɗayan reshen kuma, wato sympathetic, shi ke ƙara sauri da ƙarfin bugu, ya tsuke hanyoyin jini, lokacin gudu ko firgita ko zubar jini.

Doki ke nan da mahayinsa. Reshen da ke zaburarwa a kira shi "jijiyoyin ƙaimi", mai riƙewa kuma "jijiyoyin linzami". Sunan har ya dace da saurin aikinsu: jan linzami yakan bayyana cikin bugu ɗaya ko biyu, saƙon ƙaimi kuwa sai ya ɗauki wasu daƙiƙoƙi kafin ya kankama.

Malamin ilimin aikin jiki:
Likita, sunan ya zauna a zuciya, amma ina da ja a kansa. Wannan reshe da ka kira linzami, a hanji shi ne mai zaburarwa: shi ke kawo yawu, ya motsa ciki, ya matse mafitsara a yi fitsari. Ɗalibin da ya haddace "linzami" zai ɗauka komai yake tsayarwa.

Likitan zuciya:
Gaskiya ne, Malam. A littafin makaranta sai a ƙara layi guda da ke cewa an ɗauko sunan ne daga aikinsu a zuciya. Ga shirin da ke magana kan bugu da hawan jini, ba zai ɓatar da kowa ba.

Mai aikin gwajin zuciya:
Ni damuwata HRV ce, domin a nan ne fassara ke juya magana gaba ɗaya. Kada a kuskura a ce "rashin daidaiton bugun zuciya". Wannan wata cuta ce daban. Abin da ake aunawa shi ne ɗan bambancin lokaci tsakanin bugu da bugu a zuciya mai lafiya. Mai bugu 60 a minti, matsakaicin tazararsa milisakan 1000 ne, wato daƙiƙa ɗaya, amma wata takan zo 950, wata 1040. Idan ya ja numfashi tazarar ta gajarce, idan ya fitar ta tsawaita, kuma aikin linzamin ne. Yawan wannan bambanci alama ce mai kyau. Raguwarsa ce abin tsoro. Don haka nake ba da shawarar "sauyin tazarar bugu". Kalmar tazara ita ce ƙashin bayan sunan, kada a yar da ita don a gajarta.

Yadda ake ɗauka: mutum ya kwanta rigingine minti 5 zuwa 10 a ɗaki mara hayaniya, sannan a naɗi hoton bugun na minti 5 cif, kamar yadda ƙa'idar ƙwararrun Turai da Amurka ta 1996 ta tanada, ko kuma na awa 24 da na'urar ratayawa. Ba shayi, ba kofi, ba taba, ba goro kafin gwaji. Goro ne aka fi mantawa a tambaya, alhali yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi. Bugun da ya yi tsalle kafin lokacinsa dole a cire shi daga lissafi, domin guda biyu ko uku sun isa su kumbura sakamakon har mara lafiya ya fito kamar ɗan wasa. Magana yayin gwaji tana ɓata shi, haka ma zazzaɓi. Kuma ba a kwatanta sakamakon minti 5 da na awa 24.

Inda babu na'ura, akwai gwaji mai sauƙi: a auna hawan jini a kwance, a sake aunawa cikin minti 3 da miƙewa. Idan na sama ya faɗi da 20 ko na ƙasa da 10, akwai abin bincike.

Jami'ar lafiyar al'umma:
Allah ya saka, malamai. Roƙona ɗaya: a riƙe "gubar dalma", a daina "gubar zinare". Zinare ba shi ya kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba. Dutsen da ake haƙowa ne yake haɗe da dalma, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida, yara suna rarrafe a kai suna kai hannu baki. Haka ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Idan aka laƙaba wa zinare, mai narka tsohon batir da mai shafa wa jariri tozalin dutse za su ɗauka maganar ba tasu ba ce. Wasu wuraren "darma" suke cewa, duka biyun daidai ne.

A sa ma'auni a cikin shirin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 na dalma a kowace desilita ta jini a nemo tushen gubar a raba mutum da ita; a yara kuwa, daga 45 ake maganar maganin da ke janyo ta daga jiki. Na'urar hannu da aka yi aiki da ita a Zamfara ba ta karanta sama da 65, yara da yawa kuwa sun wuce haka, sai da aka riƙa sirka jinin kafin a auna.

Likitan zuciya:
Hajiya ta taɓo inda maganar biyu ke haɗuwa. Dalma takan bar jini cikin 'yan watanni, rabinta a kusan wata guda, amma a jikin babba sama da kashi 90 cikin 100 nata yana ƙashi, inda take shekaru gommai tana tsiyayowa, musamman lokacin goyon ciki da shayarwa. Tana kwaikwayon sinadarin kalsiyam, tana kuma rage sinadarin da ke sassauta hanyoyin jini. A gefen wuya da kan babbar hanyar jini da ta fito daga zuciya akwai 'yan ma'aunai da ke jin matsin jini. Idan ya hau su sanar da ƙwaƙwalwa, a ja linzami, a saki ƙaimi. Wannan ne ya raunana a ɓerayen Lisbon. A kira shi "martanin matsin jini". Yaran da suka tsira a ƙauyukan Bagega da Dareta na Zamfara yanzu samari ne da 'yan mata, ya kamata awon hawan jini ya zama musu al'ada tun yanzu. Sai dai, Malama, ki faɗa a fili cewa a ɓeraye aka ga wannan sakamako, kuma dalma tana jawo ƙarancin jini, wanda shi kansa yana hanzarta bugu ya rage sauyin tazara. Mai gwaji ya auna yawan jini tare, kada ya ɗora komai a kan jijiyoyin saƙo.

Mai fassarar shirin lafiya:
Na gode ƙwarai. Na rubuta su duka yadda kuka tsayar, har da layin gargaɗin Malam kan linzami. "Martanin matsin jini" kaɗai zan fara gwadawa a kunnen masu sauraro, in ji ko za su bambanta matsi da hawan jini da suka riga suka sani.