Tattakin zango da tafiyar jakar goyo: mu tsayar da kalma

Jama'a, musamman masu aikin fassara da malaman Hausa na nan Sakkwato, ga kalmomi biyu na Turanci da nake so mu yi wa suna: hiking da backpacking. Wani ƙanena da ke karatu a Fotugal ya rubuto labarin dogon hutun da ya yi yana bin ƙauyukan masunta na bakin teku a ƙafa, kayansa duka a bayansa, yana so a karanta wa mutanen gida. Wasu sun ce a rubuta "haikin" da "bakfakin" a huta. Ban yarda ba, domin tsohuwar da za a karanta wa ba za ta fahimci komai ba.

Bari in fara bayyana abin, tun da ba a raɗa wa yaro suna ba a gan shi ba.

Hanyar da ya bi sunanta Turbar Masunta, tana kudu maso yammacin Fotugal, a gaɓar Tekun Atlantika. Tsawonta ya haura kilomita 220, an kasa ta kashi 13, kuma tana ƙarewa a wani gari mai suna Lagos, takwaran Legas ɗinmu. Asalinta sawun masunta ne, inda suke bi su sauka wuraren da suke kamun kifi. Mota ba ta bin ta. An shafa fenti kore da shuɗi a jikin turaku da duwatsu don kada mutum ya ɓata. Mutum zai bar Porto Covo da sassafe, ya taka wajen kilomita 20, galibi cikin yashi mai nutsar da ƙafa, teku na hannun damansa tana dukan dutse can ƙasa, kafin la'asar ya isa Vila Nova de Milfontes ya kwana. Washegari Almograve, sai Zambujeira do Mar, sai Odeceixe. Inuwa kaɗan ce tsakanin gari da gari, ruwan sha kuma sai wanda ka ɗauko. A kan tsaunukan da ke tsaye cikin ruwa akwai wasu fararen tsuntsaye dangin shamuwa da ke yin sheƙa, igiyar ruwa na fashewa ƙarƙashinsu.

Irin wannan turba ba a Fotugal kaɗai take ba. Italiya na da ƙauyuka biyar na Cinque Terre da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Ingila na da ta kudu maso yamma mai kilomita 1,014, wadda masu gadin gaɓa suka fara takawa suna fakon 'yan fasa-ƙwauri.

To, kalmomin nan biyu ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma nan ne masu fassara ke cakuɗa su. Ta farko, hiking, maganar ƙafa ce: taka sayyada a turba, cikin daji ko tsauni ko bakin ruwa, don jin daɗi da motsa jiki. Ta biyu, backpacking, maganar yadda ake tafiyar ce: doguwar tafiya da kuɗi kaɗan, duk abin da ka mallaka yana cikin jaka ɗaya a bayanka, kana kwana a masauki mai araha. Mai irin wannan tafiya yana iya shiga bas ko jirgin ƙasa, sunansa bai canza ba.

An kawo mini shawarwari da dama. "Yawon buɗe ido" ya yi faɗi, domin wanda ya sauka a babban otal, mota na jiransa a ƙofa, shi ma buɗe ido yake yi. "Bulaguro" kowace tafiya ce. "Ci-rani" mun fi kowa saninsa a ƙasar nan, amma ɗan ci-rani nema ya fita, wannan kuwa kashe nasa yake yi. Wani ya ce "yawon duniya". Wannan na ƙi shi da ƙarfi. Ka je ka ce wa uwa ɗanta ya shiga yawon duniya ka ga yadda fuskarta za ta koma. Kalmar tana ɗauke da zargi, yaron kuwa bai yi abin zargi ba.

"Tattaki" ita ce ta fi kusa da ta farko, kuma kunnen mutane ya saba da ita. A 2015, da wani matashi ya tako daga Legas zuwa Abuja bayan zaɓen shugaban ƙasa, da ita gidajen rediyo suka ba da labarin. Wata malama ta ce mini kalmar ta ɗauki launin siyasa da na gangami. Gaskiya ne, Malama, amma asalinta daga "taka" ne, ba mallakar 'yan siyasa ba ce. Idan na yini ɗaya ne, a ce tattaki kawai, ko tattakin shaƙatawa.

Wanda ya buɗe mini ido a kan na kwanaki da yawa shi ne kawuna, dattijo ne da kakanninsa suka yi fatauci. Na zauna na kwatanta masa tafiyar, gari bayan gari, sai ya katse ni.

"Ɗana, wanga abu da kaka faɗi ai tahiyar zango ta. Mi ab baƙo ciki?"

Na ce, "Kawu, su fa ba fatauci suke yi ba, kuma ba ayari."

Ya ce, "To, ba su tashi da asuba? Ba su da wurin da suka nufa kahin rana ta hwaɗi? Shi na zango."

Ya yi gaskiya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro haka suke lissafin hanya: su bi ta Jega da Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu har Salaga, madugu na gaba da sanin inda za a yada zango kowace rana. Kalmar ta yi nisa har ta zauna a ƙasar wasu. Unguwannin da ake kira zongo a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana daga nan suka samo suna. Kuma zango na ɗauke da ma'ana biyu da muke bukata a lokaci guda: wurin da aka sauka, da tazarar tafiyar yini. Saboda haka kashi 13 na Turbar Masunta zango 13 ne, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Tafiyar ƙafa ta kwanaki da yawa kuwa, ina ganin a kira ta tattakin zango. Abin da aka ɗauka na ci guzuri ne. Hanyar kuma turba ce, ba titi ba, ba burtali ba, don burtali na shanu ne.

Saura ta biyun, wadda ta fi ba ni wahala. Mu mutanen ɗaukar kaya a ka ne, da gammo. Jakunkunanmu na gado, gafaka da burgami da zabira, ratayawa ake yi ko riƙewa. Taiki da mangala na dabba ne. Abin da muke ɗauka a baya kuwa goyo ne. Jakar matafiyan nan ma haka aka yi ta: maɗauri biyu a kafaɗa, wani mai kauri a ƙugu wanda shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin, har masana tafiyar kan ba da shawara kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mai ita. Ku shiga kasuwa wurin masu kayan makaranta ku ce a ba ku jakar goyo, ba wanda zai tambaye ku wace iri. Kalmar tana bakin mutane tuni.

Na so in gajarta in ce "tafiyar goyo", sai wata yayata ta hana.

Ta ce, "Kai, duk wanda ya ji haka mai jego zai zata ta yi tafiya da jariri. In ka ce ɗan goyo kuwa, ai jinjiri ke nan."

Don haka jakar ba ta fita daga sunan. Tafiyar jakar goyo. Mai yin ta ɗan jakar goyo, mace 'yar jakar goyo, jam'i 'yan jakar goyo, kamar yadda muke cewa 'yan koli da 'yan ci-rani. Ya ɗan yi tsawo, amma duk wanda ya ji zai hango mutumin.

Game da ƙauyukan kuma, wani ya kawo "tunga". Kalma ce mai kyau, Sarkawan gulbin Rima da na Argungu sun san ta, amma tunga ƙaramin mazauni ne a bakin ruwa. Garuruwan nan na da gidajen dutse, da coci, da ƙaramar tashar jiragen kamun kifi. A bar su a ƙauyukan masunta, a ajiye tunga don 'yan bukkokin da ke gindin gaɓa inda ake ajiye taru da kwalekwale.

Ga yadda jimlar farko ta labarin ƙanen nawa ta fito: "A hutun bana na yi tafiyar jakar goyo a Fotugal, a ciki na yi tattakin zango a Turbar Masunta, daga Porto Covo zuwa Odeceixe." Na karanta wa Inna, ba ta tambayi ma'anar komai ba, sai dai ta tambayi abin da yake ci a hanya.

Abu ɗaya ya rage ban tsayar ba: masaukin da suke kwana. Ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu, baƙi da ba su san juna ba suna kwana tare, ga madafa guda kowa ya dafa nasa. An buɗe na farko na dindindin a Altena ta Jamus a 1912. "Otal" bai dace da shi ba, "ɗakin kwanan ɗalibai" kuma na makaranta ne. Ni "masaukin haɗaka" nake gani. Malamai, wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, kafin mu miƙa labarin a karanta ranar Juma'a.