Neman shawara: An ba ni gurbin aikin sa kai a makarantar yara makafi a Tanzaniya, in tafi ko in fasa?

Ummulkhairi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa koyar da yara masu lalurar gani. Ni malamar Turanci ce, shekarata biyu ina koyarwa a firamare. Wata ƙungiya mai tura 'yan sa kai ta amince ta kai ni wata makarantar kwana ta yara makafi a Tanzaniya na mako shida. Ni zan biya kuɗin jirgi, da wani kuɗi da suka ce na masauki da hidima ne. Damuwata ita ce ban san ko harafi ɗaya na rubutun makafi ba, ba na jin Suwahili, kuma ban taɓa zama da makaho na awa guda ba balle in koyar da shi. Da na faɗa musu haka sai suka ce ba komai, kyakkyawar zuciya kawai ake buƙata. To wannan amsar tasu ce ma ta hana ni barci. Saura wata huɗu.

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da ladan niyya. Kafin ki biya ko sisi, ki ce su haɗa ki da shugabar makarantar kai tsaye, ki ji daga bakinta wane aiki take so ki yi. Sannan ki tambaye su nawa ne daga kuɗinki yake isa makarantar. Tambaya ta uku: sun nemi takardar shaidar 'yan sanda cewa ba ki da tarihin laifi? In har za su shigar da baƙo ɗakin kwanan yara ba tare da sun bincike shi ba, ba amanar yaran ce a gabansu ba.

Malam Habibu:
Amin wa alaikumus salam 'yata. Ni makaho ne, ƙyanda ta tafi da idona ina ɗan shekara bakwai, kuma na daɗe ina koyar da yara irina. Da manhajar NVDA kwamfuta ta karanto mini saƙonki, na sa ta maimaita sau biyu, don ba kasafai nake jin ɗan sa kai yana shakkar kansa ba. Yawancinsu da tabbaci suke zuwa, da kyamara.

Wata huɗu ya ishe ki koyon rubutun Braille, wato rubutun makafi, kada ya ba ki tsoro. Gurbin kowane harafi ɗigo shida ne, layi biyu a tsaye, uku uku, kuma duk alamomin da za a iya fitarwa daga ciki 63 ne. Haruffa goma na farko, a zuwa j, ɗigo huɗu na sama kawai suke amfani da su. Ki ƙara musu ɗigo na uku, wato na ƙasa ta hagu, kin samu k zuwa t. Ki ƙara na uku da na shida, wato na ƙasa duka biyu, kin samu u, v, x, y, z. Harafin w ne kaɗai ya fita daga sahu, saboda Louis Braille Bafaranshe ne, a Faransancin zamaninsa kuwa ba a cika buƙatar w ba. Lambobi ma waɗannan goman na farko ne, da alamar lamba a gabansu. Shekarar Louis Braille 15 lokacin da ya tsara wannan rubutu a 1824, yana ɗalibi a makarantar makafi ta Faris. Ina yawan faɗa wa yarana haka, su san ba wani mai ido ne ya tausaya mana ya ba mu rubutu ba. Ke da ido za ki karanta, kada ki wahalar da yatsunki. Ki nemi allon huda takarda da tsinkensa ki riƙa gwadawa. Daga dama zuwa hagu ake hudawa, sai a juya takardar a karanta daga hagu. Rubutun Braille na Turanci mai taƙaita kalmomi ki bar shi tukuna.

Sai jagora, wanda a nan ne masu ido suka fi yi mana ɓarna. Ba a jan hannun makaho, ba a tura shi ta baya. Ki tambaye shi ko yana so, sannan ki ba shi hannunki ya riƙe sama da gwiwar hannu, ƙaramin yaro kuma wuyan hannu, ki kasance rabin taku a gabansa. Kafin matakala ki tsaya, ki ce hawa ce ko sauka. Ƙofa ko dai a buɗe gaba ɗaya ko a rufe; wadda aka bari rabi da rabi ita ce mai fasa goshi, ina da tabo biyu shaida. In kin shiga aji ki faɗi sunanki, in za ki fita ki sanar, kada yaro ya ci gaba da yi wa kujera magana. Kada ki matsar da kayansa ba da saninsa ba. “Ga shi can” ba kwatance ba ne a wurinmu. Kuma don Allah ki bar “Allah sarki” a filin jirgi. Yaro yana jin tausayi a murya kamar yadda kike ganinsa a fuska, kuma yana sa shi ya daina ƙoƙari. Wanda bai yi aikin gida ba ki yi masa faɗa kamar kowa.

Ki kwantar da hankalinki ma, a makon farko su ne 'yan jagorarki. Sun san kowane rami na makarantar, ke ce ba ki san hanyar banɗaki ba.

Abu Yasir:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni gaskiya ban ga dalilin tafiyar ba. Kuɗin jirgin nan kaɗai zai sayi takardar Braille da alluna da fararen sanduna masu yawa. Me mako shida zai canja? Ki aika musu kuɗin ki zauna.

Anti Larai:
Abu Yasir, rabin maganarka gaskiya ce. Na taɓa yin irin wannan tafiya, wata biyu, a wata ƙasa daban. Akwai wata yarinya 'yar shekara shida da ta manne mini, ni kuma na biye mata, kullum tana kan cinyata, ni ke ba ta abinci a baki alhali ta iya ci da kanta. Ranar da zan taho ta yi kukan da har yau nake ji. Daga baya wata malamarsu ta faɗa mini, ba da faɗa ba, cewa duk tafiyar baƙo sai sun sake lallashin yaran daga farko. Baƙo raɓa ne, ƙanwata. Kada ki ɗauki matsayin uwa a wurin da ba za ki daɗe ba, kuma kada ki yarda a ba ki aji ke kaɗai. Ki zama mataimakiyar malamin da zai ci gaba da su bayanki.

Wani abu kuma: ba duk yaran ne ba sa gani kwata-kwata ba. Da yawa suna da sauran gani, kuma a makarantun makafi na Tanzaniya za ki tarar da yara zabiya. Su abin da suke buƙata manyan haruffa ne, baƙi wuluk a kan fari, da zama kusa da allo, da hula saboda rana. Hotunansu kuwa kada ki ɗora a Facebook. Zabiya a ƙasar sun sha fuskantar hari, nuna fuskarsu da inda suke kwana ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Ilham:
Tunda shawara kike nema, kada ki manta da ɗaya shawarar, wato allurar zazzaɓin shawara. Tanzaniya na neman katin shaidar allurar daga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Sai bayan kwana goma da yin allurar katin yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Batun biza, ki tambayi ofishin jakadancinsu da kanki wace iri ce ta halatta aikin sa kai, kada ki dogara da bakin ƙungiyar. Ki kuma duba kwanakinki, suna hutu a watan Yuni da Disamba, kada ki je ki tarar da makaranta wayam.

Malam Habibu:
Abu Yasir, ban ƙi taka ba. In rungumar yara za ta je yi, gara ta aiko da takarda. Amma akwai aikin da kuɗi ba ya yi sai mai ido ya zauna. Malami makaho yana buƙatar wanda zai karanto masa littafin tawada ya buga shi da na'urar Perkins mai buga rubutun Braille, ko a shigar da littafin kwamfuta yadda manhaja za ta iya karantawa. NVDA kyauta ce, TalkBack, mai karanto abin da ke fuskar waya, yana cikin wayoyin Android, amma sai an samu mai zama da malamai ya nuna musu. A Tanzaniya da Suwahili ake koyarwa a firamaren gwamnati, a sakandare a koma Turanci, to yaran da ke dab da wannan tsallake suna buƙatar kunnensu ya saba. In ta naɗi muryarta tana karanta littattafan Turancinsu babi babi, ta bar su a makarantar, za a yi shekaru ana saurare.

Ummulkhairi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa ƙungiyar tambayoyin Baban Sadiƙ. Sun turo lambar shugabar makarantar, amma batun rabon kuɗin sun ce sai sun tuntuɓi ofis, don haka ban biya ba tukuna. Na yi magana da shugabar jiya, ta ce littattafan aji shida da bakwai ne matsalarsu, kuma na'urorin Perkins ɗinsu biyu sun lalace. Malam, na haddace a zuwa j, sai dai e da i suna rikita ni. Suwahilin fa, daga ina zan fara?

Malam Habibu:
E da i kowa sai sun rikita shi, haka d da f, da h da j, ki ci gaba. Suwahili ki fara da na tafiya: kulia dama, kushoto hagu, simama tsaya, ngazi matakala, mlango ƙofa. In yaro ya ce miki shikamoo, ki amsa da marahaba. Agogonsu kuma daga wayewar gari yake fara ƙirga, saa moja ƙarfe bakwai ke nan, kada a ce miki darasi saa mbili, wato ƙarfe takwas na safe, ki zo da biyun rana. Ki sake kiran shugabar ki tambaye ta me ya lalace a na'urorin, ta turo miki hoto. Sau da yawa datti ne da rashin mai, ba karyewa ba.