Neman kalma: me za mu kira cougar?

Hadiza: Salamu alaikum malamai. Ina fassara rahoto kan gandun dajin Big Cypress na jihar Florida, ƙarfe 4 zan shiga studiyo. Dabbar nan cougar ta ɗaure mini kai. Manyan da suka rage a Florida 120 ne zuwa 230, mai ziyara da wuya ya sa ta a ido, sai dai sawunta a laka. Ku agaza.

Malam Bala: Damisar Amurka. Kin huta.

Usman: Malam, ina damisa babu roɗi-roɗi? Wannan ruwan ƙasa ce bai ɗaya, 'ya'yanta ne kawai ake haifa da ɗigo-ɗigo, su baje in sun girma. Kuma ranar da jaguar, waccan mai roɗi-roɗin ta nahiyar Amurka, ta zo me za mu ce? Zakin dutse ya fi.

Hadiza: Usman, kudancin Florida ba dutse, fadama ce da kadoji.

Malam Bala: Zakin da ba geza, ba ruri, sai gurnani kamar kyanwa? An ci mutuncin manyan dawa.

Baba Ɗanjuma: Yara, kun bar gini tun ran zane. Magabata da suka ga baƙuwar dabba me suka ce? Jakin dawa, raƙumin dawa. To wannan muzurun dawa ne.

Usman: Baba, muzurun da ke kayar da barewa?

Aminu: Ɗaya sunan nata puma ne, ku ce fuma mu wuce. Kowane yaro ya san ta a jikin takalmin Puma.

Baba Ɗanjuma: Wato kamfanin takalmi ne zai raɗa wa Bahaushe suna! Shekara 30 ina koyar da Hausa, wannan kasalar ce ke kashe harshe.

Aminu: Allah ya huci zuciyar Baba. Amma mota da keke da rediyo fa, daga ina?

Baba Ɗanjuma: Waɗancan ƙarafa ne. Wannan mai rai ce.

Hadiza: Don Allah saura minti 40. Akwai wurin da ake bayanin yadda aka kawo mata 8 daga Texas a 1995 don jinin ya gaurayu, da yadda motoci ke bige su a titi. In na ce "muzurai mata 8" ai an shiga uku.

Malam Bala: Wannan kuwa gaskiya ne, muzuru namiji ne.

Hadiza: Zan buɗe da "fuma, wata dangin damisa marar roɗi", daga nan fuma har ƙarshe.

Baba Ɗanjuma: Na yau kawai. Ban sa hannu a saka ta a ƙamus ba.

Usman: Ni dai a wajen ta Kalifoniya zakin dutse zan ce.