Gyaran saman ferobskait: shin zai jure zafin Damagaram?

Habibu, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗalibin fizik ne a Jami'ar André Salifou, kuma na karanta cewa ƙwayar sola ta ferobskait (wani sinadari mai shan haske da ake shimfiɗawa siriri, yawanci ɗauke da dalma da aidin), wadda ƙungiyar Tsutomu Miyasaka ta fara gwadawa a Japan a 2009 tana mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki, yanzu ta haura kashi 26. Me ya sa masu bincike suke ta magana a kan gyaran samanta kawai, alhali cikinta ne ke shan hasken?

Malam Issoufou, Birni:
Wa alaikumus salam, Habibu. Ciki ne ke shan haske, amma a sama ake yin asara. Shimfiɗar ferobskait ba ta kai kaurin maikuron ɗaya ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kuma idan ta bushe, samanta yana barin gurabun da aidin ya fice, da ƙwayoyin dalma waɗanda ba su samu abokin haɗi ba. Lantarkin da haske ya tayar yana faɗawa cikin waɗannan gurabu ya zama zafi kafin ya isa waya, don haka ƙarfin bolt yake raguwa. Aikin ya yi kama da yaɓen katangar ƙasa kafin damina. A 2014 masu bincike a Okusfod sun shafa sinadaran firidin da tayofin a saman shimfiɗar domin su riƙe dalmar, sannan a 2019 wata ƙungiya a Sin ta yi amfani da wani gishirin amoniyam mai suna PEAI ta wuce kashi 23 cikin ɗari. Akwai kuma gyaran ƙasan shimfiɗar da siririn rufi na wani sinadari mai suna Me-4PACz, wanda ya taimaka wa cibiyar Helmholtz ta Balin ta kai kashi 29.15 a 2020 bayan ta ɗora ferobskait a kan silikon.

Hajiya Rakiya, Zango:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni da nake sayar da faifan sola da batir, abin da ke gabana shi ne watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, faifan da ke kan rufi kuwa ya fi haka nesa. Shin wannan shafe yana zama a wurinsa?

Malam Issoufou, Birni:
Hajiya, nan ne matsalar take. Wasu daga cikin gishirin amoniyam suna nutsewa cikin shimfiɗar idan zafi ya daɗe, sai amfaninsu ya dushe, shi ya sa yanzu ake neman sinadaran da ke manne wa dalmar da ƙarfi. A ganina, kada a karɓi wani faifai nan gaba sai ya ci gwajin awa 1000 a zafin digiri 85 da laimar kashi 85, kuma an rufe shi da gilashi ta yadda dalmarsa ba za ta zuba a ƙasa ba idan ya fashe.