Neman shawara: auna ƙwazon malamai yana gyara karatun yara kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Ni ce shugabar wata makarantar firamare. Mai makarantar ya ce daga wannan zangon za a riƙa auna kowane malami da makin ɗalibansa: wanda ajinsa ya ci a ƙara masa albashi, wanda ajinsa ya faɗi a sallame shi. Hankalina bai kwanta ba. Akwai malamar da kullum ita nake ba yaran da ko haɗa baƙi ba su iya ba, saboda haƙurinta. Da wannan ma'auni ita za a fara kora. Don Allah me zan gaya masa?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam Malama. Ki ba shi labarin Atlanta ta Amurka. An ɗaure aikin malamai da makin jarrabawa, sai wasu suka koma goge amsoshin yara suna gyarawa. A 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Maki ya hau, karatu yana nan inda yake.

Wata uwa: Amma fa Malam, a bar malami ba mai duba shi? Ɗana ya yi zango guda ba a taɓa duba littafinsa ba. Mu iyaye mu ke ji a jikinmu.

Mai duba makarantu: Hajiya, ba wanda ya ce a bar su. Yadda ake dubawar ne magana. Gidauniyar Gates ta tallafa wa wani babban shiri na auna malamai, amma rahoton cibiyar bincike ta RAND na 2018 ya nuna sakamakon ɗalibai bai canza a zo a gani ba. A birnin Cincinnati na Amurka kuwa, ƙwararrun malamai ne suka riƙa shiga aji su zauna, su ga darasi, sannan su faɗa wa malami inda ya yi daidai da inda zai gyara. Binciken masana Taylor da Tyler na 2012 ya gano makin lissafin yaran ya ƙaru, har bayan shekarar dubawar.

Malama, ki shiga ajin da kanki, ki zauna a baya. Ki lura su wa ake tambaya, na gaba kaɗai ko har na lungu. In mai makarantar ya nace sai maki, a gwada yara farkon zango da ƙarshensa, a duba nisan da suka yi. A haka aikin malamar nan zai fito.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Sau nawa ya kamata in shiga aji a zango, kuma in sanar da malami tukuna ko in faɗo kawai?